Shekarar da Kwalbar C Ta Yi Ja

Ranar Litinin da ta wuce ina bakin famfo ina wanke kwalaben gwaji, sai na ji ɗaya daga cikinku, ku sababbin ma'aikatan da aka kawo mana, yana ce wa ɗan'uwansa wai aikin lab ba wani abu ba ne: ka auna gari, ka zuba ruwa, ka karkaɗa, ka manna takarda, ka koma kujera ka ci gaba da danna waya. Ban juyo ba. Na ji haushi, amma gajiyata ta fi haushin yawa. Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar a wannan ɗakin, bayana ya ƙi, gwiwa ta ƙi, ido sai da tabarau. Ba ni da ƙarfin yi muku lacca a tsaye, in ma na yi ba saurara za ku yi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta in bar muku a durowar da ke ƙarƙashin sikeli, inda na san dole wata rana ku buɗe. Ina so ku ji yadda karatun wata mata gaba ɗaya ya taɓa rataya a kan minti goma na wannan aikin da ba wani abu ba.

Sunana Ado, teknishan a sashen bayokemistiri. Malamai suna koya wa ɗalibai a allo abin da jiki ke yi da tuwon da aka ci, yadda sitaci ke komawa sukari, sukari ya ƙone ya ba mutum ƙarfi, wake da nama su gina tsoka. Su yi ta zana kibiyoyi da da'irori har allo ya cika. Ni nawa aikin in sa yaran su gani da idonsu, sau ɗaya a mako, awa uku. Duk abin da ɗalibi zai taɓa a ranar, hannuna ya riga ya bi ta kansa.

Wanki aka fara ba ni. Maigidana a aikin nan wani dogon mutum ne mara son magana da muke kira Oga Danladi, Allah ya ji ƙansa. Wata shida bai bar ni na taɓa sikeli ba. Kullum bokiti biyu na siraran kwalaben nan, da buroshi da sabulu, a ɗauraye sau uku da ruwan famfo, sau ɗaya da tataccen ruwa. In na gama sai ya zari guda ya ɗaga ta wajen taga. Idan ruwa ya gangare ya bar gilashin sumul, sai ya ajiye bai ce komai ba. Idan ya ga ɗigo ya maƙale, sai ya juye kwandon duka cikin bokiti ya ce, "Ado, maiƙo," ya yi tafiyarsa. Na zage shi a raina ba adadi. Sai daga baya na gane cewa mai wanki ya fi kowa sanin abin da ya faru a aji. Ɗalibi yana iya rubuta abin da ya ga dama a takarda, amma kwalbarsa hannunka za ta dawo. Wanda bai tafasa ba za ka sani, wanda ya zuba komai ninki biyu za ka sani, wanda kuma ya kwafi na maƙwabcinsa bai taɓa kayan ba, tasa a bushe za ta zo maka.

Ranar da ya fara ba ni makullin kabad ɗin magunguna, doka ɗaya ya kafa mini.

"Duk kwalbar da za ka ajiye wa yara, ka gwada ta da kanka da safen ranar. Ba jiya ba, ba shekaranjiya ba."

Na ce, "Oga, ko da ni na haɗa ta da hannuna?"

"Musamman in kai ka haɗa ta."

Dalilinsa shi ne kayanmu ba irin na 'yan kemistiri ba ne, masu gishiri da asid da za su shekara a kanta ba su canza ba. Mu da abinci muke aiki. Duk abin da mutum zai iya ci kuwa, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani waɗanda ke jiran su riga shi.

Sayen hanta ma aiki ne, ku da kuke ganin komai daga sito yake fitowa. Ranar gwajin hanta tun bayan asuba nake wajen mahauta, don sabuwa ta fi kumfa idan an ɗiga mata magani, kuma ba a taɓa gama gwajin nan ba sai wani saurayi ya tambaye ni ko ana bukatar sauran. Ƙwai sai ka fasa ka ware farin a hankali, ka kaɗa da ruwa, ka tace. Ga kuma gwajin yawu, wanda ake nuna yadda yawun bakin mutum ke narkar da sitaci. 'Yan mata su yi ta yamutsa fuska, samari su yi ta dariya, ba mai tofawa. Shekara da shekaru abin da ke cikin kwalbar da na rubuta wa "enzayim" yawuna ne, na tace na sirka da ruwa. Akwai manyan ma'aikata a garin nan da suka ci kwas ɗin nan da yawun Ado, yau in mun haɗu a hanya ko gilashin mota ba sa saukewa. In gwajin ya faɗo cikin azumi kuwa, ku tambayi kanku inda mutum zai samo yawun da zai ishi aji guda da ƙarfe sha ɗaya na rana.

Jarrabawar firaktikal ta 'yan aji biyu ita ce babban aikin shekara. Ana ajiye wa kowane ɗalibi ruwa kala huɗu, A da B da C da D, a ce ya gano abin da ke cikin kowanne. A gulukos ne, B sitaci, C sukarin shayi, D farin ƙwai. Sitaci da ƙwai ba su da wuya, kowanne da maganin da ke tona shi nan take. Rigimar tana tsakanin A da C, don duka biyun sukari ne, duka biyun garau suke kamar ruwan sha. Abin da ke raba su wani shuɗin ruwa ne, mu a nan "shuɗi" kawai muke ce masa. Ka zuba shi a kan gulukos ka tsoma kwalbar cikin tafasasshen ruwa minti biyar, sai ya koma kore, ya koma rawaya, ya ƙare a ja irin na jan bulo, jan ya kwanta a gindin kwalba. Ka zuba shi a kan sukarin shayi kuwa, ko awa guda ka yi kana tafasawa shuɗi zai zauna. Sukarin shayi 'ya'yan sukari biyu ne riƙe da hannun juna, kuma hannun da za su taɓa shuɗin da shi, shi ne a riƙe. Sai wani abu ya raba su kafin su yi ja.

To ga abin kunyarmu. Tun zamanin Oga Danladi jerin nan bai taɓa canzawa ba. Malamin kwas yana da takardar amsoshi guda da ya gada daga wanda ya gabace shi, har ta yi laushi don tsufa, ba ya son a canza jeri don kada ya sake rubuta wata. Ni ma ba na son ɓare takardun kwalabe in sake manna sababbi. Ɗalibai kuma ba wawaye ba ne. 'Yan aji uku su gaya wa 'yan aji biyu, su kuma in sun haye su gaya wa na bayansu: A ja, C babu canji. Kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba, har da ni.

A shekarar da nake ba ku labari akwai wata ɗaliba, Malama Zulai. Malamar firamare ce a Abakpa, ta zo da hutun ƙaro karatu, ta girmi 'yan ajinsu da fiye da shekara goma, tana da 'ya'ya uku a gida. Haddar da'irorin nan na allo ba ta zauna mata, ta faɗi kwas ɗin a shekarar da ta gabata, wannan karon maimaici take yi. Dokar sashe kuwa a lokacin, wanda ya faɗi kwas ɗin sau biyu sai ya bar sashen. Ta san haka, ni ma na sani, don ita ta gaya mini da bakinta. Ta ce, "Malam Ado, ni a rubutu ba na samun abin kirki, a nan wajenka nake sa ran cike giɓin." Kafin kowa take zuwa. In gwaji bai yi mata ba sai ta roƙi a ƙara mata ruwa ta sake. Ita kaɗai na taɓa gani cikin ɗalibai tana ɗaga kwalba wajen taga tana dubawa yadda Oga Danladi ke yi, ba wanda ya koya mata.

Shekarar ba ta yi mana daɗi ba tun farkonta. Firij ya mutu a makon farko, takardar gyaransa ta yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan. Wuta sai ta ga dama. Ba a sayo mana kayan gwaji ba, sukarin ma a wani shago na unguwarmu a Kinkinau na saya, wanda ba laifi ba ne, sukari dai sukari ne. Na haɗa manyan kwalabe huɗu ranar Alhamis saboda jarrabawa Litinin. Sai aka ce ranar ta ci karo da wata jarrabawa, aka ɗaga. Aka sake ɗagawa. Kwana goma sha takwas kwalaben nan suna kan kanta, cikin bazara, lokacin da ko ruwan randa ɗumi yake yi. Ana gobe jarrabawa na zubar da ƙwan na sake sabo, don warinsa ba ya ɓoyuwa. Sitacin ma na sake dama wani. A da C kuwa, manyan kwalabe ne masu duhun gilashi, na ɗaga na duba ban ga komai ba, na mayar da su.

Da safen ranar na zo kunna murhu, gas ya ce bai san zancen ba. Ba wuta, ba gas, ga ɗalibai ɗari da goma sha biyu a bakin ƙofa, kuma ba tafasasshen ruwa ba jarrabawa. Na ruga bakin get da farar rigata, na roƙi mai shayin da ke wurin ya ara mini risho biyu da tukwane. Ya ce, "Malam, yau shayi za a koya musu?" Na kinkimi kayan. Na dawo ina gumi, na tarar da malamin kwas, Dakta Bala, tsaye yana duba agogo.

"Malam Ado, an shirya?"

"An shirya, Dakta."

Gwada kwalabe huɗu minti goma ne. Ba zan ce muku na manta ba, don ban manta ba. Na tuna sarai. Na dubi agogo, na dubi fuskar Dakta, na dubi yaran da ke turereniya a ƙofa, na ce a raina sukari ne fa, me zai same shi. Na buɗe ƙofa. Rukuni uku aka yi, ni ina ta fama da lagwani da ɗebo ruwa da ƙara kananzir, har aka gama bayan azahar ban ɗaga kai na kalli kwalbar kowa ba.

Wanki ne ya gaya mini. Jan nan yana kama gindin kwalba, buroshi kaɗai ba ya fitar da shi sai an ɗiga asid, saboda haka kullum nakan ware masu ja a bokiti daban. Kowane ɗalibi kwalba ɗaya mai ja ya kamata ya bari, ta A. Bokitin nan na san iyakarsa, rabi yake kaiwa. Ranar ban kai ga kwando na ƙarshe ba ya cika yana neman zubewa. Na tsaya da buroshi a hannu. Na zaro guda na duba harafin da aka rubuta a jikinta: C. Na zaro wata, C. Na ɗauko babbar kwalbar C na buɗe na shinshina, sai na ji wani ɗan tsami-tsami kamar na kunun da ya kwana. Rishon mai shayi yana nan ban mayar ba. Na zuba shuɗi, na tsoma. Ko minti uku ba a yi ba ta yi jajir. Yis ɗin nan mai kumbura burodi, wanda ke yawo a iska, ya shiga kwalbar, ya samu zafi da sukari da kwana goma sha takwas, ya raba 'ya'yan nan biyu. Abin da muke koya wa yara a allo ne ya faru a kan kantata ban sani ba.

Ku ji abin da na yi, don shi ne dalilin wannan rubutu. Na tuna lokacin da nake taya Dakta tattara takardu idona ya faɗa kan uku ko huɗu na sama, duka an rubuta, "C: babu canji, shuɗi." Na ce ashe ba wanda ya cutu. Yaran sun ga ja sun rubuta abin da aka gaya musu, takardar Dakta za ta ba su maki, shi ke nan. A lokacin shekarata tara a mataki ɗaya, fayil ɗin ƙarin girmana ya kai teburin shugaban sashe da ƙyar. Na juye sauran ruwan C a magudana, na sake famfo a kansa, na wanke kwalbar sau uku da ɗaya na tataccen ruwa. Na mayar wa mai shayi kayansa na hau mota na tafi gida.

Bayan mako biyar aka manna sakamako. Ina goge sikeli Malama Zulai ta yi sallama ta shigo. Ba kuka take yi ba, da ma kukan ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Malam Ado, talatin da bakwai na samu. Arba'in ake nema."

Na ce, "Subhanallahi. Sannu, Malama."

"Na je wajen Dakta ya nuna mini takardata. Tambayar C maki biyar ce, sifili ya ba ni. Ya rubuta da jan biro wai sukarin shayi ba ya yin ja." Ta gyara mayafinta. "Malam, ni ja na gani. Sau biyu na yi, don na farko ban yarda ba. An gaya mini tun kafin mu shiga wai C ba ta canzawa, amma ya zan rubuta shuɗi ina kallon ja? Na bi 'yan rukuninmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse shi shuɗi ya gani. Har na fara tunanin ko idona ne. Kai ka haɗa ruwan nan. Don Allah me ke cikin C?"

Na ce, "Sukari ne, Malama."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To. Na gode." Ta fita. Sukari na zuba a kwalbar, wannan gaskiya ne, amma ban taɓa yi wa mutum ƙarya mai muni kamar wannan ba. Kunya ta kama ni har na kasa ci gaba da goge sikelin.

Ranar Asabar bayan la'asar na je gidan Dakta Bala a Malali, don ba na son yin maganar a ofis. Na girme shi da kusan shekara goma, kuma ba mugun mutum ba ne, gajiyayye ne irina. Muka zauna a baranda na gaya masa komai, tun daga firij har bokiti. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Malam Ado, ka san abin da kake faɗa? Kana ce mini mutum ɗari da goma sha ɗaya sun ga ja sun rubuta shuɗi, na ba su maki, ɗayar da ta rubuta gaskiya na kayar da ita."

"Haka ne, Dakta."

"Ina sauran ruwan?"

"Na zubar."

Ya mayar da tabarau ɗin. Can ya ce, "Kwamitin jarrabawa ya riga ya sa hannu, ba zan iya shiga musu da baki kawai ba. Sai ka rubuta, ka ce kwalbar ta lalace kuma ba ka gwada ba, ka sa hannu. Za su zauna sauraron ƙorafi ranar Litinin ta sama. In takardarka ta isa kafin nan, ni zan tsaya mata, za a gyara kafin a ba ta takardar sallama." Har na miƙe zai raka ni ƙofa, sai ya ƙara da cewa, "Ka dai san ranar Alhamis ta makon ne za a zauna kan fayil ɗinku."

Na sani. Litinin ƙorafi, Alhamis ƙarin girma, na san ranakun duka biyu kamar sunayen 'ya'yana. Takardar kuwa na rubuta ta tun washegari, layi bakwai ce, na linke na sa a aljihun farar rigata. Kullum da safe sai in ce yau zan kai. In hau bene har ƙofar sakatariyar sashe, in gaishe ta, in tambaye ta labarin firij, in sauko. Na yi ta gaya wa kaina ai kwana uku ne tsakani, in an gama da fayil sai in miƙa, ko ta makara Dakta zai san yadda zai yi. Litinin ta zo tana aljihuna. Alhamis ta wuce. Ranar Juma'a da safe na kai.

Kwamitin bai sake zama ba sai bayan dogon hutu, wata uku ke nan. Da suka zauna ba su yi minti biyar a kan maganar ba, suka mayar mata da makinta biyar, ta tashi da arba'in da biyu. Amma tuni an ba ta takardar sallama, ta kai ofishin ilimi kamar yadda doka ta ce, an soke hutunta an mayar da ita aji. Wani hutun kuwa sai ta sake bin layi daga farko, kuma shekarunta ba za su jira layin ba. Ɗari da goma sha ɗayan nan ba wanda ya tambaye su komai. Ni kuma, abin da na yi ta jin tsoro har na yi ta hawa bene ina saukowa da gaskiyata a aljihu, takardar gargaɗi ce mai layi biyu. Ƙarin girmana ya fito a lokacinsa.

Takardar gyaran makin nata na karɓa na ce ni zan kai mata. Na sami makarantar a Abakpa lokacin tara, yara suna ta guje-guje a fili. Tana bakin ƙofar ajinta, hannunta duk alli, sanye da tabarau da ban san ta da shi ba. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta tambayi lab. Na miƙa mata. Ta karanta har ƙasa, ta sake karantawa, ta linke.

"Arba'in da biyu," ta ce.

"Malama, laifina ne. Ruwan ya lalace ban gwada ba. Tun ranar jarrabawa na sani, kuma ranar da kika zo kika tambaye ni ma na sani."

"Ba wannan nake son ji ba, Malam Ado. Kai da idonka, da ka tafasa, me ka gani?"

"Ja ne, Malama. Jajir."

Ta sauke ajiyar zuciya. Ta cire tabarau ɗin ta juya shi a hannu tana ɗan murmushi. "Ka ga wannan? Bayan na bar wajenka asibitin ido na tafi. Likita ya ce bai ga wata matsala ba, ni na matsa sai da ya yanka mini. Wata uku in yaro ya kawo mini zane ya ce ga jan fure, sai na tambayi na kusa da shi."

Na ce ta yafe mini. Ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, irin yadda ake faɗa. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka fara turereniya suna wucewa ta tsakaninmu. Ta saka tabarau ɗin a jaka, ta miƙo mini takardar.

"Riƙe ta, Malam. Ni ba inda zan kai ta."

Tun daga shekarar nake juya jerin kwalabe duk jarrabawa, malamai sun yi ƙorafi har sun gaji sun saba. Wani lokacin ma C ruwa zalla nake zubawa, in tsaya ina kallon masu hadda suna rubuta sukari. Wannan bai mayar da kowa aji ba. Malama Zulai tana can har yanzu, na ji an ce ta zama mataimakiyar shugabar makaranta, ban sake samun fuskar zuwa ba.

Takardar tata tana ƙarƙashin wannan da kuke karantawa, kada ku jefar. Mako biyu bayan tafiyata 'yan aji biyu za su yi jarrabawa, ku ne za ku haɗa musu ruwa. Gas zai iya ƙarewa, malami zai tsaya yana duba agogo, yara za su cika ƙofa. Ku bar su su jira minti goma.